Baifola da shaye-shaye a jikin mutum ɗaya: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Yaya Babba, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau dai tura ta kai bango, shi ya sa na kawo kukana. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 26. Bara likita ya ce yana da baifola, ciwon nan da mutum zai hau sama ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana zuba kamar an kunna rediyo, yana rabar da kuɗi, bayan makonni kuma ya faɗo ƙasa ya kulle kansa a ɗaki, ko wanka sai an yi da gaske. Ga shi kuma yana shan wiwi da taramol tun yana sakandare. An kwantar da shi sati uku, ya fito garau, har ya koma shagonsa na gyaran waya. Wata biyu ba su cika ba na tsinci fankon taramol a aljihun wandonsa zan yi wanki. Yau kwana biyar rabonsa da barci. Jiya da asuba na same shi yana wanke tsakar gida da omo, wai baƙi za su zo masa daga Dubai.

Gida ya rabu biyu. Kawunmu ya ce iskanci ne, a kai shi gidan mari ya horu. Inna ta ce a ajiye zancen ƙwaya tukuna a ji da ciwon. Ni na rasa wanne ne ya jawo wanne. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali, shi ko nasa, ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Adaidaita

Yaya, sannu da haƙuri. Ni irin ƙanin naki ne, bari in ba ki labari daga ciki. Shekara bakwai ina jan adaidaita sahu a kan taramol. Na fara ne lokacin da nake ƙasa, jiki ya mutu, ko kuɗin balas ba na iya fita in nemo. Wani abokin sana'a ya miƙo min guda ɗaya mai ƙarfin miligiram 225. Ranar na yi aiki har goma na dare, na ce ai na samu magani. Abin da ban sani ba, taramol bai tsaya a kashe zafin jiki ba, yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin ciwon damuwa ke taɓawa, mai baifola kuwa cilla shi sama wannan yake yi. Sai ka gan ni ina ɗaukar fasinja kyauta, ina yi wa yaran unguwa alkawarin babur. In barci ya ƙi zuwa, in nemi wiwi ko roci, ƙwayar sa barci, in kwantar da kai. Ɗaya ta hawa, ɗaya ta sauka.

Farfaɗiya ce ta kai ni asibiti. Na faɗi a bakin titi ina shure-shure, na datse harshena. Sau biyu ana kwantar da ni ina komawa ruwa. Karo na farko ƙwayar kawai aka raba ni da ita aka sallame ni, ba wanda ya tambayi hawa da saukar nan. Karo na biyu laifina ne, na ce wa likita sigari kaɗai nake sha. A na uku na haɗu da wata likita da ta ce in zubo fankunan duk abin da nake haɗiya a leda in kawo mata, ba za ta kira kowa ba. Na zazzage mata su a tebur ina gumi. A kati ɗaya ta rubuta maganin baifola da tsarin rage taramol a hankali, ta haɗa ni da mai ba da shawara da nake gani duk Talata.

Bayan wata huɗu na zame, ranar bikin wani abokina. Na je na faɗa mata ina jiran ta kore ni. Sai ta tambaye ni awa nawa nake barci a satin da ya gabaci bikin. Na lissafa, uku-uku ne. Ta ce to ciwon ne ya fara motsi, ƙwayar ta biyo baya. Tun ranar nake rubuta awannin barcina a bayan kalanda. In na ga dare biyu a jere ƙasa da awa biyar, ba na fita aiki, asibiti nake nufa. Wata 19 ke nan ban sa ta a baki ba, alhamdulillahi.

Baban Yara, Zariya

'Yata, ki roƙi kawunku ya dakata. Ni da hannuna na kai ɗana gidan mari, na biya kuɗi ina ganin gata na yi masa. Wata biyar ya yi. Da na je ɗauko shi, wurin marin a idon sawunsa ya zama gyambo, kuma duk zaman nan ba a ba shi maganin asibitinsa ko sau ɗaya ba. Gaskiya ne bai sha wiwi a can ba, amma ya fito ya fi yadda ya shiga ciwo, sati biyu ya koma gidan jiya. A watan Satumba na 2019 da 'yan sanda suka fasa wani gida irin wannan a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, ranar ban iya cin abinci ba. Addu'a muna yi har gobe, yana shan rubutunsa, amma tare da maganin likita. Har yau in ya naɗe wando zai yi alwala sai na kau da kai.

Maman Biyu

'Yar'uwa, mu mata namu ya fi ɓuya. Ni kodin ce, a kwalbar lemo nake juye ta, ina zaune da kishiyata tana ganin lemo nake sha. Bayan haihuwata ta biyu na shiga ƙunci mai tsanani, aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Na faɗi kukan da nake yi da rashin cin abinci, amma na ɓoye kodin, na kuma ɓoye cewa akwai lokutan da nake kwana ina girki da guga ba gajiya, don ni a wurina lafiya ce wannan. Aka ba ni maganin ciwon damuwa shi kaɗai. Kwana goma sha wani abu na sayar da 'yan kunnena na gwal na sayi keken ɗinki uku, alhali ko zare ban iya sawa a allura ba. Daga baya likitan ƙwaƙwalwa ya yi min bayani cewa maganin damuwa shi kaɗai, ba tare da mai daidaita yanayi ba, yana iya juya mai baifola zuwa sama.

Da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, kwalba ta yi tsada, sai na koma roci. Ka ga an toshe ƙofa ɗaya, ciwon na nan, na buɗe wata. Sai da na faɗa wa maigida komai da bakina sannan magani ya fara kama ni. Yanzu shi ke riƙe da maganin, bayan isha'i ya miƙo min da kofin ruwa.

Abu ɗaya ga mata: da za a sa ni a kan Epilim, wani maganin daidaita yanayi, likita ya tambaye ni ko ina da niyyar sake haihuwa. Na ce eh. Ya canza min wani, ya ce wannan yana iya nakasa jariri a ciki, kusan ɗaya cikin goma. Duk macen da ke shan sa ta yi wannan maganar da likitanta, amma kada ta yanke shi da kanta.

Malamin Jinya

Hajiya, na shekara da shekaru a ɗakin masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma maganar farko ita ce kwana biyar ba barci ba abin da za a jira ranar ganin likita ba ne. Ku kai shi yau. Asibitocin ƙwaƙwalwa suna nan a Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Shika. Na Barnawa yana da sashen masu shaye-shaye a cikinsa. Ku tafi da fankon da kika tsinta, ki faɗi komai ko da shi ya musa.

Ƙaninki ba shi kaɗai ba ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Najeriya sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A Amurka an gano fiye da rabin masu baifola mai tsanani suna faɗawa shaye-shaye a wani lokaci na rayuwarsu. Abin da nake gani a gado shi ne wanda aka yi wa maganin ɗaya aka bar ɗaya, shi ne muke sake karɓa bayan 'yan watanni. Don haka a ganina Inna da kawu kowa rabin gaskiya ya riƙe.

Kada ku ce za ku kulle shi a ɗaki ya daina komai dare ɗaya. Wanda ya saba da roci ko diyazefam ko giya, yankewa farat ɗaya tana iya jawo farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. A asibiti ake ragewa. Ku sa ido kan Exol ma. Mu muke ba da shi saboda sanƙarewar jiki da wasu magunguna ke kawowa, amma yara sun mayar da shi kayan maye, don haka ya zauna a hannunki. Ko sigari ba a raina ta, tana rage ƙarfin olanzafin, ɗaya daga magungunan baifola, a jini, dole likita ya san yana sha ko ya daina. In kuma ya sauko ƙasa ya fara zancen gara ya mutu, ku ɗauki maganar da gaske, a kwashe fiya-fiya da magunguna daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai. Ki kuma sanar da kawu cewa tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, mai wannan lalura yana da haƙƙi a gaban hukuma.

Abu Fatima, Jos

Ni giya ce tawa, shekara uku da bari, ina kan litiyom, maganin baifola. Abin da zan ƙara shi ne azumi. Wata shekara na ɗauka cikin zafi ban shawarci kowa ba, ga tahajjud ga sahur, barci ya wargaje. Kaina ya yi ciwo na sayi dikulofenak a kemis. Kwana uku hannuna ya kama rawa, ga amai ga gudawa, ina tafiya ina tangaɗi har matata ta zaci na koma sha. Gwajin jini ya nuna litiyom ya taru ya yi yawa, saboda ƙarancin ruwa a jiki da kuma maganin ciwon kan. Malaminmu ya karanta min ayoyin Baƙara da suka yi wa marar lafiya rangwame. Yanzu tun Sha'aban nake zuwa wurin likita a duba jini da ƙoda, mu tsara yadda zan yi. In an sa ƙaninki a kan litiyom, kada ya sha maganin ciwon jiki na kemis sai ya tambaya.

Yaya Babba, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun kai shi jiya bayan la'asar, ni da babban wanmu. Ya yi ta faɗa a mota, amma da muka isa ya shiga da ƙafarsa. Na ba likita fankon, na faɗi wiwin, na faɗi kwanakin da bai yi barci ba. An kwantar da shi, kuma sun ce wannan karon tare za a ɗauki abu biyun. Da safen nan na kai masa koko na tarar yana barci, har da minshari, na zauna a bakin gadon na yi kuka na gode wa Allah. Baba na Zariya, na karanta wa kawu saƙonka, bai ce komai ba, amma ya ba da kuɗin mota. Ɗan'uwa mai adaidaita, kalandar nan taka, kai kake cikawa da kanka ko wani ne a gida ke rubuta maka? Ina so in tanadi tamu kafin a sallamo shi.