Zanen birni na bugun dutse: wa zan fara dubawa?

Binta: Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya na shiga wani ɗan shagon tsofaffin zane-zane a nan Paris, na ga wata takarda cike da ƙananan murabba'ai, layuka sun sarƙe kamar an hango gari daga jirgin sama. Mai shagon ya ce litogiraf ne, wato bugun dutse. Ban saya ba, aljihun ɗaliba, amma abin ya tsaya mini a rai. Su wa ke irin wannan aikin?

Malam Habu: Wa'alaikis salam. Yadda kika kwatanta, fara da Vieira da Silva. An haife ta a Lisbon a 1908, ta koma Paris da zama, a can ta rasu a 1992. Ba ta zana titi kaza ko gini kaza. Abin da take kamawa shi ne cunkoson gari, tagogi bisa tagogi, lungu ya faɗa cikin lungu har idonki ya rasa mafita. Wanda ya ga tayil ɗin da ke jikin gidajen Lisbon zai gane inda murabba'an nan suka samo asali. Akwai gidan tarihi a Lisbon mai ɗauke da sunanta da na mijinta, Arpad Szenes.

Nura: Ki ƙara da Stuart Davis, na Amurka. Akwai bugunsa na 1931, Sixth Avenue El, baƙi da fari, jirgin ƙasan New York mai bi ta saman titi da allunan shaguna duk an yanka an haɗe. Sai Louis Lozowick da gadoji da dogayen benaye.

Malam Habu: Suna da kyau, Nura, amma waɗannan kafin yaƙin duniya na biyu ne, kuma a wurin Lozowick gadar tana nan a gadarta. Abin da Binta ta gani ya fi kama da na bayan 1945 zuwa wajen 1970, lokacin da masu zane suka saki siffa kusan gaba ɗaya.

Hajiya Kulu: Ni dai in ban ga ƙofa da taga ba, ban ga gari ba. Ku yi haƙuri da tsohuwa. Shi bugun dutsen ma yaya ake yinsa?

Nura: Hajiya, dabarar mai da ruwa ce, ba sa haɗuwa. Ana zane a kan shafaffen dutsen farar ƙasa da alli mai maiƙo, a shafe shi da ƙaro da ɗan asid, a jiƙa. In aka mirgina tawada sai ta kama wurin maiƙon kaɗai, a danna takarda. Kowace kala da dutsenta. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano ta a 1796. Kuma ƙaron nan dai namu ne, irin wanda ake fitarwa daga Sudan da Chadi da Najeriya.

Hajiya Kulu: Ikon Allah, har ƙaro ya je Turai aikin zane.

Sadiya: Binta, kafin ki ciro kuɗi ki ji tawa. Bara na sayi ɗaya ta intanet, da ya iso ashe hoton zane ne aka buga da injin ɗab'i. Ki je da gilashin ƙara girma. In kin ga ɗigo-ɗigo a jere kamar na hoton jarida, ki ajiye. Na gaske za ki ga burtsatsin dutse a cikin tawadar. Ki duba ƙasan takardar kuma: sa hannu da fensir, da lamba irin 12/75, wato na 12 cikin 75. In kin ga E.A., kwafin da mai zanen ya keɓe wa kansa ne. Amma fensir kowa na iya riƙewa, ki tambayi wurin da aka buga shi.

Malam Habu: In aka ce Mourlot, tsohon gidan bugu ne na Paris, Picasso ya yi aiki a can daga 1945. A Amurka kuwa Tamarind, wanda June Wayne ta kafa a Los Angeles a 1960.

Binta: Na gode ƙwarai. Asabar zan koma shagon. Anti Sadiya, gilashin wane iri zan nema, na masu gyaran agogo ya isa?

Sadiya: Ya isa, shi nake amfani da shi.