"Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki": ta dace da maganar Bakassi kuwa?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. A majalisarmu maganar Bakassi, yankin bakin teku da Najeriya da Kamaru suka yi rikici a kansa, ta taso, wani dattijo ya rufe ta da "zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki." Abin ya tsaya mini a rai. Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin a 2002, Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa hannu kan yarjejeniyar Greentree ta miƙa yankin a 2006 a gaban Kofi Annan, aka kammala miƙawa a Kalaba a 2008. Nan ne gurbin wannan karin magana?

Malama daga Kongon Zariya: Wa alaikumus salam. Gurbinta ke nan. Ɗan sarki na da doki da bafadawa, amma kullum cikin fargabar masu neman gadon yake. Tun 1981 aka kashe mana sojoji biyar a kan iyakar nan. Kamaru ta kai ƙara a 1994, kotu ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913. Shari'a mace ce mai ciki, tunda mun shiga sai mu karɓi abin da ta haifa. Da an ƙi, 'ya'yan talakawa za a tura su mutu.

Baba na Ƙofar Gayan: 'Yata, ban ƙi taki ba, amma ki saurara. Mai abu ne ke faɗin wannan magana. In maƙwabcina ya ci mini kunya biyu a iyakar gona na bar masa, ni ke da bakin cewa zaman lafiya ya fi. Mai unguwa ba zai ba da gonata sannan ya jefo mini karin magana ba. Wa ya tambayi masuntan Bakassi? Kuma ba kudu kaɗai abin ya taɓa ba. A Darak, mutanenmu sun bi Tafkin Chadi yana janyewa, suka kafa gari, suna su suna banda kifi. A ƙarshen 2003 aka miƙa ƙauyuka wajen talatin. Mutum ya kwana a Najeriya ya tashi a Kamaru, ga komarsa ga kwalekwalensa, amma jandarma ke tambayarsa takarda.

Malama daga Kongo: Baba, Greentree ta hana korar 'yan Najeriya daga Bakassi ko tilasta musu sauya ƙasa, ta ce a bar su da kamun kifinsu da nomansu.

Baba na Ƙofar Gayan: A takarda. Waɗanda suka taso zuwa Kuros Riba fa? Wasu shekaru suka yi a azuzuwan firamare a Akpabuyo, masunta babu ruwan kamun kifi. Wallahi abin da ciwo.

Ɗan Tudun Wada: To Malama, in an saɓa alkawarin, masunci ina zai kai kuka?

Malama daga Kongo: Ƙasashe kaɗai ke shigar da ƙara a kotun can, shi ba shi da ƙofa. Damar neman sake duba hukuncin ma ta rufe a Oktoban 2012, gwamnatin Jonathan ba ta nema ba. Sai dai Abuja ta kai kukansa gaban kwamitin haɗin gwiwar ƙasashen biyu da Majalisar Ɗinkin Duniya ke jagoranta.