Wa ya taɓa zuwa Bukuru da Barikin Ladi? A ba mu labari

Jikan Lebura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kakana ya bar ƙauyenmu a ƙasar Kano yana saurayi, ya tafi aikin kuza Bukuru, a can ma aka haifi mahaifina. Har kakan nawa ya koma ga Allah bai daina ba mu labarin sanyin wurin ba, da yadda suke yini suna dakon ƙasa a kwano. Ni ban taɓa taka garin ba. Ina so in kai yarana a hutun Disamba. Don Allah wanda ya je ya faɗa mana abin da ya tarar.

Baba Direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Bukuru yanzu ta haɗe da Jos, ba ka gane inda wannan ta tsaya waccan ta soma. In ƙananan garuruwan kuza kake nema, miƙa Barikin Ladi ko Bisichi. Amma Disamba fa? Tudu ne na sama da mita 1,200. Na kwana a mota sau ɗaya a can, da asuba ruwan buta sai da ya sa yatsuna suka ƙage. Ka riƙo wa yara rigunan sanyi da safa.

Maman Hanifa:
Ni abin da ya tsaya mini a rai tafkunan nan ne da mutanen wurin ke ce wa dam. Mun tsaya a bakin wani kafin mu shiga Barikin Ladi. Ruwa kore shar, ko motsi ba ya yi, ga tulin jar ƙasa a gefe, bishiyoyin turare sun tsiro a kai. Na ɗauka haka Allah ya yi shi, ashe ramin kuza ne ruwa ya cike. Ɗana har ya tuɓe takalmi zai shiga, sai wata tsohuwa 'yar Berom da ke ban ruwan kabeji ta saki tiyo ta taho da gudu. Ta ce mini, 'yata riƙe shi, wannan ba shi da gaɓa, taku biyu ne sai zurfi. Jikina har rawa yake. Da na natsu ta zagaya da ni gonarta, dankalin turawa da karas da kabeji, duk da ruwan ramin take shayar da su a rani. Yaya, ka kai su su gani, wurin ya cancanci gani, amma hannunsu a cikin naka.

Malamin Tarihi:
Malam, kakanka na cikin dubban da suka haƙa waɗannan ramukan da hannu. Saboda kuza aka ja ƙaramin layin dogo daga Zariya, ya iso Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. A 1942 kuma, da yaƙi ya raba Ingila da kuzar Malaya, aka riƙa ɗebo mutane daga lardunan Arewa aikin tilas, sanyi da ciwo suka kashe da yawa. Na je Kurra, inda kamfanin NESCO ke samar da lantarki da ƙarfin ruwa tun zamanin Turawa don injinan ma'adinai. Ina tsaye a bakin madatsar, tunanina duk yana kan wanda ya zo daga ƙasar zafi da riga ɗaya a wuyansa.

Ƙanen Kowa:
Kada a ɗauka aikin ya mutu. Manyan kamfanoni sun watse, farashi ma ya faɗi warwas a 1985, amma samari na nan suna loto, wato haƙar kuza da hannu. Na leƙa wurin loto guda: rami kamar rijiya, a zura mutum da igiya da tocila a goshi, a riƙa jawo ƙasa a buhu. Mata na wankewa a ruwa, yashi ya tafi, baƙin kuza mai nauyi ya kwanta a ƙasan kwano. Wata ta zuba mini ɗan kaɗan a tafi, na yi mamakin nauyinsa. Ramukan nan suna ruftawa da mutane, kada a bar yaro ya matsa.

Hajiya ta Kafancan:
Ku biya Dutsen Riyom, duwatsu ne a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera. Ruwan Assop kuma yana wajen Hawan Kibo, sai dai a Disamba ya ja baya, ba kamar damina ba. Sannan ka tambayi 'yan gari halin da hanya ke ciki kafin ka shiga ƙauyuka, yankin ya sha fama da rikici. Ku fita da hantsi, ku dawo kafin magariba.

Jikan Lebura:
Allah ya saka da alheri. Na karanta wa mahaifina duka, da na zo kan wankin kuza sai ya yi shiru, can ya ce haka mahaifiyarsa take yi, yana goye a bayanta. Yanzu ya ce ƙafarsa ƙafarmu. Baba Direba, daga Kano ta Saminaka ya fi ko ta Ningi, ga mai tafiya da dattijo?