Rage cin wutar saba ba tare da rage mata ƙarfi ba

Da masu kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, suka tattauna yadda za a rage cin wutarsu, bakinsu ya zo ɗaya kan abu guda: a fara aunawa. Kayan sa ido da ke zuwa a cikin saba, irin su iDRAC na kamfanin Dell da iLO na kamfanin HPE, suna nuna wat nawa na'ura ke ja, don haka a duba kafin a taɓa komai.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne BIOS, wato saitin asali na na'urar. Wasu na barin saitin cikakken ƙarfi dare da rana, alhali saba ta fi zama babu aiki. Shawarar mafi yawa ita ce a miƙa wa babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ragamar sarrafa wuta, a kunna matakan barcin furosesa irin su C6. Sai dai farkawa daga barci mai zurfi na ɗaukar ɗan lokaci, kuma rumbun bayanai mai buƙatar amsa nan take zai ji a jikinsa. A irin wannan, a kashe matakan barcin kawai.

Sanyin ɗaki ma ana wuce gona da iri. ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin ɗumama da sanyaya gine-gine, ta ba da shawarar digiri 18 zuwa 27 a ma'aunin Celsius. Tsayar da juyawar faifan RAID, wato faifan ajiya da aka haɗa su yi aiki tare, kuwa, ribarsa ba ta kai wahalarsa ba.