Neman shawara kan mai jinyar mahaifiyata a gida

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da aka sallame ta daga asibiti take kwance a gidanmu da ke Mabera, a nan Sakkwato. Da yake ina fita aiki, sai na ɗauki mai jinya ta hannun wani kamfani.

Likita ya ce a riƙa juya Inna duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Shekaranjiya ina canza mata zanin gado na ga fatar ƙugunta ta yi duhu har ta fara saɓulewa, ga zafin garin nan da ke jiƙa ta da gumi. Na kuma lura matar tana juye jakar fitsari babu safar hannu. Na nemi shaidar rajistarta da Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, amma kamfanin sai yau da gobe yake yi mini.

Don Allah masana, ta yaya zan tabbatar da rajistar nan da kaina, kuma ina ake kai ƙorafin irin waɗannan kamfanoni? Sallamar ta ba wuya, sai dai Inna ta saba da ita, daga hannunta kaɗai take karɓar abinci.