Me ya hana a samu bas ɗin cikin gari a Dutse?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Gida Dubu, ina koyarwa a wata firamare ta wajen Takur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya zame mini ƙarfen ƙafa. Ni da yara uku, safe da rana, kafin ashirin ga wata albashi ya ƙare tas. Jiya ƙaramar ta yi barci a kafaɗata muna tsaye bakin titi, rana na dukanmu, ina ta ciniki da mai keke a kan naira ɗari. Don Allah me ya hana a sa bas, ko guda biyu ne, su riƙa zagaya unguwanni zuwa Sakatariya da kasuwa?

Tsohon Direba:
Wa'alaikumussalam Malama, Allah ya raya zuri'a. Na daɗe ina jan bas, bari in gaya miki inda gizo ke saƙa. Motar mutum 18 sai ta cika take fitar da kuɗin mai da na kwandasta da balas ɗin mai mota. A ƙaramin gari sau biyu kawai take cika: lokacin fita aiki da lokacin tashi. Da hantsi sai ka yi rabin awa kana lodi da fasinja huɗu, suna ta duba agogo. Keke kuwa ya ɗauki uku ya tashi, har ƙofar gida. Ɗan kasuwa ba zai jure ba, sai dai gwamnati ta ɗauki asarar.

Ɗan Yerwa:
To ai mu a Maiduguri haka aka yi. A 2023 gwamnatin Zulum ta zuba bas-bas a cikin gari a kan naira 50. Amma fa garinmu ya ninka Dutse yawan jama'a nesa ba kusa ba.

Maman Khalifa:
Na gode Baba, yanzu na gane. To a bar hantsin. A ba mu ta bakwai na safe da ta biyu na rana, amma a tsayar da lokacin, ko ta cika ko ba ta cika ba ta tashi. In na san bakwai saura kwata za ta tsaya a kwanarmu, wallahi tun shida da rabi na gama ɗaura wa yaran takalmi. A layinmu kaɗai mu malamai biyar ne.