Shuɗi a kwamfuta, shunayya a takarda: ina mafita?

Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambarin wani kwastoma shuɗi ne, lambarsa #0000FF. A kwamfuta yana ɗaukar ido, amma da aka buga katin sai ya karkata zuwa shunayya, a babbar ledar talla (banner) kuma ya fito wani iri daban. Wace lamba zan riƙa bai wa maɗaba'a don launin ya tsaya guda?

Mai aikin zane:
Wa alaikumus salam, Malama. HEX, wato irin lambar da kika kawo, da RGB lissafin haske ne, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Injin bugu kuwa tawada yake zubawa, CMYK, wato siyan (shuɗi mai haske) da majenta (ja mai sirkin shunayya) da ruwan ɗorawa da baƙi, kowanne daga 0 zuwa 100. Wannan shuɗin naki ya fi ƙarfin tawada, shi ya sa in manhaja ta juya shi da kanta sai majenta ta kusa kamo siyan, launin ya koma shunayya. Ki buɗe aikin a CMYK tun farko, ki sa C100 M70 Y0 K0. Ki bar tazarar aƙalla 30 tsakanin C da M. Ba zai yi hasken na kwamfuta ba, gara ki faɗa wa kwastoma tun kafin a buga.

Mai aiki a maɗaba'a:
Tambari dai Pantone ya kamata a ba shi, wato tsarin da kowane launi ke da lambarsa da tawadarsa. Ki zaɓi lambar daga littafin launukan da ke hannu, kada ki zaɓa a kwamfuta. Ki kula da harafin ƙarshe: C na takarda mai sheƙi, U na marar sheƙi, wadda ke shan tawada launi ya dushe. Injin buga ledar talla ba ya haɗa tawadar Pantone, kwaikwayonta kawai yake yi, don haka ki sa a buga ɗan gwaji a kan ledar kanta kafin a saki aikin duka. Ƙananan rubutu kuma K100 zalla, wato baƙar tawada kaɗai, in ba haka ba gefensu ya yi inuwa.

Wani ɗan uwa:
Ido ma yana ruɗi, Malama. Ruwan toka a kan ruwan ɗorawa sai ya yi kamar shuɗi-shuɗi. Ƙwan lantarki mai ja-ja shi ma yana sauya launi. Ma'aunin duba bugu hasken fitilar D50 ne, wato 5000K, mai kama da hasken rana. In babu wannan fitilar, ki kai gwajin bakin taga da rana, ki ɗora shi a kan ruwan toka kusa da littafin Pantone, sannan ki amince.